Jar Ƙwaya a Ruwan Bagaruwa

Kwana da kwanaki ke nan rana ba ta leƙo ba. Markar bana ta zauna mana a Yelwa daram, bango ya jiƙe, itace ya ƙi kamawa, wanki yana wari a kan igiya. Jiya da hantsi ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa, sai ga Rabi, matar ɗan maƙwabcina, da cikinta a gaba. Ta tsuguna kusa da ni tana magana ƙasa-ƙasa kamar wadda ta yi sata. Wai maganin ƙarin jinin da aka ba ta wurin awo, tunda ta fara sha bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, ga tashin zuciya. Kuma an turo mata murya a waya, wani mutum da ba ta san ko wane ne ba, yana rantsuwa cewa maganin ƙona mahaifa yake yi.

Na ce ta nuna mini. Ta kwance bakin zane, sai ga jar ƙwaya, ita ɗin dai, ko launi ba su sake mata ba, da 'yar ƙaramar rawaya mai yi mata rakiya. Na ce, "Mai muryar nan, ya taɓa yin ciki?" Ta yi dariya. Na gaya mata abin da na sani, ta tafi da rabin yarda, kuma ban ga laifinta ba. Ni ma ba mai saurin yarda ba ce, duk unguwar nan an sani, ko gishiri aka ba ni sai na lasa. Wurin Inna na sha wannan a nono.

Lokacin muna tunga, can bakin ruwa wajen Wara, tun kafin mu taso Yelwa. Shekarar da kainuwa ta rufe mana mashigi ce. Da can mun san 'yar kainuwa mai yawo a gefen ruwa, ba ta damun kowa. Wannan daban ce, mai kauri, mai fure shuɗi, ta taho daga sama da farin ruwa ta shimfiɗu tun daga bakin gaɓa har inda ido ya ƙare. Maza su shiga da adda tun safe suna sara, su buɗe 'yar hanyar da jirgi zai bi, kafin gari ya waye iska ta maido ta. Taru ya yage, koma ta cika da ciyawa. Macizai suka samu gida, sauro kuwa ba a magana, da rana tsaka ma ba ya jin kunya. Maigidana ya ga zama ba zai yi ba, ya bi 'yan'uwansa ƙasa wajen dam neman inda ruwa yake a buɗe. Ni kuma na koma ɗakin Inna da ciki wata biyar.

Cikina na farko bai zo da rai ba. Saboda haka wannan ko tuntuɓe na yi sai na dafe shi na yi salati. Abin da nake roƙon Allah ke nan dare da rana, in ji kukan ɗana da kunnena.

Sana'armu banda. Da asuba Inna ta tone toka ta nemo garwashin jiya, mu yi ta hura jiƙaƙƙen itace har ido ya yi ja. Sai mu jira jiragen da suka samu fita. Abin da suke kawowa bai taka kara ya karya ba, 'yan karfasa, kurungu, wata rana tarwaɗa ɗaya a yi ta kallonta. Mu fafe, mu wanke, mu jera a kan waya, mu yini muna juyawa cikin hayaƙi. Warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, babu ranar da za ta busar da shi, rabi ya ruɓe a tabarma. Wanda ya tsira fatake su kwashe, wai a kai wa kajin birni. Mu da muke kwana mu tashi da ƙarnin kifi a jiki, kifi bai shiga tukunyarmu ba a daminar nan, don kowace jela dawa ce. Rumbu ya ƙare tun kafin a yi noman farko, gero kuma yana gona ko kai bai fitar ba. Tuwo sau ɗaya ne, da yamma, da miyar kuka mai ruwa-ruwa. Da safe ruwan bunu, shayi baƙi wuluk ba madara, shi ke riƙe ciki har azahar.

Sannu a hankali jikina ya fara ba ni labari. In na sunkuya ɗaukar itace sai duniya ta juya. Daga bakin ruwa zuwa banda sai na tsaya hutawa, ina haki, zuciyata tana daka a cikin kunnena. Tafin hannuna ya yi fari fat, ƙafa ta kumbura. Sai kuma kwaɗayin ƙasa. Da zarar an yi ruwa bango ya jiƙe, ƙamshin nan ya taso, miyau ya cika mini baki. Na ɓantari gindin ɗakin Inna har ya yi rami. Ta gani, ta ce kwaɗayin ciki ne, ita ma ta yi, ta samo mini farar ƙasa wai ta fi tsabta.

Saratu ce ta ja ni awo. Bakambariya ce, gidansu na kan tudu bayan tunga, ranar Lahadi su tafi coci, sauran kwanaki tana gona. Takan sauko da rama da yakuwa da ɗan wake ta musanya da kifi, kuma ita da Inna sun shekara da shekaru suna tsokanar juna. Ranar kasuwar Wara ta ce ko ina so ko ba na so sai na bi ta. Ɗakin awo cike yake maƙil, ruwa na dukan kwano, yara na kuka. Malamar ta ja fatar idona ƙasa, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baiwar Allah, ke da me kike tafiya?" Ta ƙulla mini jar ƙwaya da rawaya a leda ta ce ɗaya-ɗaya kullum. Ina da tambaya a bakina, amma na waiwaya na ga layi har waje, na haɗiye ta.

Na yi abin da kowa zai yi. Magani da safe ake sha, kuma da safe ruwan bunu ne kawai a gidan, sai na kora da shi a kan cikin da babu komai. Ba a jima ba zuciyata ta fara tashi, bakina kamar na tsotsi wuƙa. Na daure. Kashegari haka, wanshekare haka. Cikina ya ɗaure tamau, in je bayan ɗaki in dawo ba labari. Ranar da abin ya fito kuwa, baƙi ne kamar gawayi. Na tsaya ina kallo, abin da ya zo mini a rai shi ne jinin ɗan ne ya ƙone yake fita.

Ni ce 'yar farin Inna, ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakin fuska da ni a gaban mutane, haka al'ada take. Da na gaya mata, ba ta ce sannu ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ke, kawo abin nan in gani."

A bayan banda akwai tukunyar da maigidana ya bari, bagaruwa ce ya jiƙa yana rina igiyar ƙugiya don kada ruwa ya ruɓar da ita. Inna ta ɗebo ruwan a ƙoƙo. Ban san me ya kai hankalinta can ba, ita dai komai sai ta gwada, ko naman da ba ta san mahaucinsa ba sai kare ya fara ci. Ta murƙushe jar ƙwaya da bayan cokali ta zuba ta motsa. Ruwan da yake ja-ja kamar shayi ya fara dishewa, ya yi shuɗi, kafin ka ce kwabo ya koma tawada. Wallahi da an ba malami da ya yi rubutu da shi.

Matan banda suka bar kifi suka kewaye mu. Inna ta ɗaga ƙoƙon ta karkata shi kowa ya gani.

"Na san wanga baƙi," in ji ta. "Na ga dukawa a kasuwar Yelwa. Fatar da anka jeme da bagaruwa, ruwan tsatsa suka shafa mata ta yi baƙi. Ƙarhe na a cikin maganin ga."

Ƙarfe a cikin mace mai ciki. Wata ta ce shi ya sa matan birni ba sa haihuwa sai an yanka su, kan yaro ke yin tauri. Wata ta ce ita dama ta ji na hana haihuwa ne aka sake wa riga, in ba haka ba, tun yaushe aka fara ba talaka abu kyauta? Wannan maganar ta zauna mini, don gaskiya ba mu taɓa ganin an ƙetaro ruwa an kawo mana ko allurar ɗinki ba.

Saratu ta ce, "Haba Inna, ni na sha shi a cikin autana, kuma a ɗakina na haihu."

"Ku Kambari ko dutse kunka haɗiya narkewa shika yi," Inna ta ce. Aka yi dariya, magana ta mutu.

Ba ta jefa maganin a ruwa ba, wai kada kifi ya ci mu ci kifin. Ta tona rami a ƙarƙashin tokar banda ta binne. Ni kuwa har raina na ji daɗi. Da idona na ga baƙin nan, irinsa kuma na gani a bayan ɗaki, me ya rage? Bayan 'yan kwanaki cikina ya saki, tashin zuciya ya tafi, na ce lallai Inna ta cece ni.

Sai ta kama nata maganin. Ja ke kawo ja, in ji ta. Ta dafa mini karan dafi in sha ruwan, ta dama kunun kanwa wai yana ƙarfafa ƙashi. Da yamma in ta kwashe tuwo, malmala biyu take turo mini. In na ce ina nata, ta ce azumi ta yi kuma ta riga ta sha ruwa a gidan su Saratu. Na san Inna da azumin Litinin da Alhamis, amma a daminar nan Talata da Laraba ma sun shiga. Na yi zargin wani abu ta gani a fuskata da ba ta son faɗi, shi take kai wa Allah ƙara. Ban tambaya ba, na cinye tuwon.

Ruwa ya ci gaba da zuba, tafki yana hawowa yana cin gaɓa, kainuwa har bakin ƙofa. Zazzaɓi ya zo ya kwantar da ni, ya tafi, ya dawo. Motsin ɗan da nake ji kamar kifi a cikin gora ya fara raguwa, sai in yini ina jira. Wata safiya ina juya karfasa a kan waya, hayaƙi ya taso, na ga ya yi duhu fiye da kullum. Abin da na sani ke nan. Tabon wayar yana nan a hannuna har yau.

Na farka a cikin jirgin inji na 'yan kasuwa, kaina a cinyar Saratu, Inna ta riƙe buhu a kanmu tana tare ruwa. Matasa biyu a gaba suna ture kainuwa da gora. Da la'asar muka isa asibitin Yelwa.

Aka ɗebi jinina aka auna. Wata babbar malamar jinya mai furfura, da kowa ke kira Sista, ta zo ta ce sai an ƙara mini jini yau, in ba haka ba ba ta da tabbas a kaina, balle abin da ke cikin. Ta tambaya ina dangi. A tungarmu an ce jinin da aka ɗiba a asibiti sayar da rabi ake yi, kuma wanda ya bayar ba ya sake yin ƙarfi. Inna na cikin masu faɗin haka da babbar murya. Amma ban gama jin maganar Sista ba na ga ta tura mayafi baya ta miƙa hannu.

"Ɗebi nawa. Amma a gabana za a sa mata."

Sista ba ta ko kama hannun ba. Ta ja fatar idon Inna ƙasa kamar yadda aka yi mini, ta juya tafin hannunta, ta duba farcenta.

"Inna, ke ma gado ya kamata a ba ki. Yaushe rabonki da abinci?"

"Azumi nika yi. Ina shan ruwa gidan wagga." Ta nuna Saratu da haɓa.

Saratu ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Inna, ki ji tsoron Allah. Tunda damina ta faɗi ba ki sa hannu a kwanona ba."

Inna ta ja mayafinta ta rufe hannun, ta juya tana kallon taga. Ina kwance ina lissafin malmalar nan ta biyu da nake lashewa kowace yamma. Kunya da tausayi suka kama ni, na yi kuka mara sauti, don ko ƙarfin kukan ba ni da shi.

Jinin Saratu ya dace da nawa. Inna ta raka jakar da ido tun daga hannun Saratu har aka rataye ta a kaina, ta zauna a ƙasa tana kallon ɗigon, ko sallah sai da ta sa Saratu gadi kafin ta tashi. Kashegari da hantsi ɗan ya yi wani juyi da sai da na ce wash.

Ranar da za a sallame mu Sista ta zo da leda biyu, tawa da ta Inna, jar ƙwaya da rawaya a kowace. Inna ta miƙe tsaye.

"Tsaya, ɗiyata. Tambaya ɗaya, kuma kada ki yi mini ta 'yan boko. Ƙarhe na a ciki ko ba ƙarhe ba?"

"Ƙarfe ne."

Inna ta waiwayo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ita ga mai gaskiya. Ta ba da labarin ƙoƙon bagaruwa. Sista ta yi dariya har ta dafa gado, sannan ta ja kujera ta zauna, ko da yake ana kiranta a wani ɗakin.

Ta ce jinin kowa da ƙarfe a ciki, har na Inna, ɗan kaɗan ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ne ya ƙare mana. Baƙin bayan gida ragowar da jiki bai ɗauka ba ne, ba jinin kowa ba. Ta tambaye ni da me nake korawa, na ce ruwan bunu. Ta ce to abin da bagaruwa ta yi a ƙoƙo, shi shayi yake yi a ciki, ya kama ƙarfen ya hana shi shiga jiki, sai wahalar ta rage mini. Kanwa ma tana tare shi, nono ma haka in an haɗa su lokaci ɗaya. A sha bayan an ci wani abu, da lemun tsami ko gwaiba, a yawaita shan ruwa saboda ɗaurewar ciki. In har ya gagara a dawo a faɗa, akwai yadda za a sassauta, kada a binne.

Na ce ƙasar da nake ci fa? Ta ce rashin jinin ne ke sa kwaɗayinta, ita kuma ƙasar ta ƙara toshe hanyar ƙarfen, wani lokaci har da ƙwan tsutsa take zuwa. Tsutsar ciki na sha ta nan, zazzaɓin sauro na fasawa ta can, yunwa kuma ta hana a mayar. Rashi ba ya zuwa shi kaɗai, in ji ta, in ɗaya ya shiga sai ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa. Shi ya sa rawayar take bin jar, don ƙarfe kaɗai ba ya gina jini, kamar yadda gari kaɗai ba ya zama tuwo. Ta ce a rage warangin nan da ake kai wa kaji, a daka shi da kansa da ƙashinsa a zuba a miyar yakuwa.

"Kan yaron fa?" in ji Inna.

"Kan yaro ba ya tauri da wannan. Uwar da ba ta da jini ita ce ba ta iya naƙuda."

Inna ta karɓi ledojin biyu ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Da muka isa tunga muka shiga ɗaki, na miƙa hannu in karɓi tawa, ta buge shi.

"Mai sayar da abu ba ya kushe shi," ta ce. "Ni zan fara. Yadda ta ce, haka za ni yi, ba ragi ba ƙari. In na kai Juma'a da raina, ki sha. In ban kai ba, kin huta da tambaya."

Na ce, "Inna, ai ba kare ba ce ke."

"Kare ba shi da jika a cikin nan."

Na haihu bayan an yanke gero, namiji, ɗan mitsitsi, amma da ya buɗe baki har masu jirgi a bakin ruwa sai da suka ji. Yau yana da nasa iyalin. Sai dai in marka ta zauna irin ta bana, ba ranar haihuwar ce ke fara zuwa mini ba, makon gwajin nan na Inna ne. Inna ta ajiye azumi, don maganin ya ce sai an ci. Kullum da yamma ta zauna a gabana ta ci tuwonta ina gani, da miyar yakuwa da warangin da ta hana fatake, ta matse lemun tsamin da Saratu ta kawo, ta yi bisimilla ta haɗiye ƙwayar tana yamutsa fuska. Ta ba ni wasiyyar inda take so a kai tukwanenta. Ta yi ta mitar cikinta ya ɗaure, bakinta na ƙarnin tsatsa, ta dawo daga bayan ɗaki tana cewa tawada dai, tawada. Ni kuwa kowace asuba sai na kasa kunne in ji ko tana tone toka.

Ranar Juma'a, bayan mun ci tuwo, ta kwance bakin zane ta ɗauko ja ɗaya da rawaya ɗaya, ta matsa lemu a kofi, ta turo mini gabana ba tare da ta dube ni ba.

"Ban mutu ba," ta ce. "Har yanzu ban yarda da su ba. Sha."